Ƙaryar da Injiniya Ya Yi wa Mai Tabarau

Akwai wani injiniya mai ji da kansa, wanda mahaifinsa ya tsufa a sana'ar gyaran tabarau. Tsohon nan ba abin da yake so kamar littattafan tarihin kimiyya. Da ciniki ya lafa, sai ya ture gilasai da ƙananan kusoshi gefe, ya buɗe littafi, yana karatu yana dariya shi kaɗai.

Ikon Allah, mai gyara wa mutane gani, sai nasa idon ya tafi. Idon ya tafi ne kuwa tsoho na tsakiyar labarin wani ɗan kasuwa na zamanin da, wanda ya goge gilashi mai ƙara girman abu da hannunsa, ya leƙa ɗigon ruwa da shi, ya ce ya ga ƙananan halittu suna iyo a ciki. Masana suka yi ta shakka. A nan tsoho ya tsaya, ya sa ƙyallen goge tabarau a shafin.

Duk ranar da injiniya ya zo gaisuwa, maganar ɗaya ce.

"Ɗana, karanta mini mana. Sun yarda da shi kuwa? Abokin sana'ata ne fa."

"Haba Baba, labarin matattu? Ina da taro. Sai gobe."

Gobe, gobe, har abin ya ishi injiniya. Ran nan ya fizgi littafin, ya kaɗa shafuka don tsoho ya ji ƙara, alhali idonsa na kan waya.

"Ba su yarda ba, Baba. Sun ce mahaukaci ne. Labari ya ƙare."

Tsoho ya ce, "Ashe haka suka yi masa? Bawan Allah, duk wahalar nan." Ya laluba ya karɓi littafinsa, bai ƙara tambaya ba. Gogan naku kuwa ko kunya babu, murna ma yake ya huta.

Bayan rasuwar tsoho, injiniya na kwashe kayan ɗakin sai ya ga ƙyallen nan ya leƙo daga littafi. Ya buɗe don ya cire shi, idonsa ya faɗa kan rubutu. Ya fara karatu a tsaye, bai san sanda ya zauna a ƙasa ba. Wallahi labarin daɗi gare shi! A shafi na gaba, ashe mutane sun je sun leƙa gilashin da idonsu, sun gani, sun shaida, har masana suka karrama mutumin.

Ya zabura ya juya. "Baba! Sun yarda da shi!"

Kujerar ba kowa, sai sandar tsoho a jingine.

Darasi: Kada ka raina abin da ke faranta ran iyayenka. Shafin da suka roƙe ka, karanta musu yau, tun suna da kunnen ji. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana can yana cewa gobe.