Sa'idinawa a Bakin Ramin Gafiya

An yi wata Gafiya a wani daji, ba ta da aiki sai haƙa. Maƙwabtanta su ne Hawainiya, mai ido ɗaya gabas ɗaya yamma, da Jaɓa mai dogon baki. Su biyun nan ko tsinke ba su taɓa ɗagawa ba. Sana'arsu zama a kan kututture suna auna aikin wasu. Irinsu ake kira sa'idinawa, wato masu sa wa abin mutane ido. In ka samu ransu ya ɓaci, in ka rasa su ce dama sun faɗa.

Da kaka ta yi, ciyawa ta bushe, Gafiya ta soma haƙa rami mai zurfi. Ta san lokacin da mafarauta ke cinna wa daji wuta ya kusa, ga ta da 'ya'ya ƙanana.

Jaɓa ta leƙa ta ce bakin ya karkace. Hawainiya ta ce ƙasar wurin rairayi ce, ramin ba zai kwana ba. Da ya kwana, suka ce ai zurfin ya yi yawa, son a sani ne kawai.

"Gwaggo, ɗaki kike yi ko kabari?" in ji Jaɓa.

"In na gama kya shigo ki gani."

"Ni? Ranar da aka ga ƙafata a ramin nan a canza mini suna."

Hawainiya ma ta rantse a gaban kowa ba za ta shiga ba, har da dafa ƙirji. Sai dai ƙawancen nasu na kan kututture ne. Da sun rabu, Jaɓa ta bi gida-gida tana cewa Hawainiya munafuka ce mai sauya riga. Ita kuma Hawainiya ta ce toshe hanci take yi in suna hira. Kowace ta san kaifin bakin 'yar'uwarta.

Wata rana da hantsi aka ga shirwa sun cika sama suna shawagi. Kafin a ce me, wuta ta kewaye dajin, ciyawa na ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Gafiya ta kora 'ya'yanta ciki, ta dawo za ta toshe bakin ramin da ƙasa don kada hayaƙi ya shiga. Sai ga maƙwabtan nata a tsaye, suna haki.

Ta ce su shigo da sauri, amma ɗaya bayan ɗaya, don ƙofar ba ta cin biyu.

Jaɓa ta dubi Hawainiya. "Yaya, bisimilla, ke ce babba."

"A'a ƙanwata, ke kika fi sauri. Ni iska na fito sha."

"Iskar ce ta sa idonki ke hawaye?"

"Ke kuma me ya sa jelarki ke rawa?"

Gafiya ta roƙe su. Ta ce rantsuwar nan ta yafe, ba wanda zai ji daga bakinta.

"Ke ba za ki faɗa ba, Gwaggo," in ji Jaɓa. "Wannan fa?"

Kowace ta san in ta fara sa kai, gobe dajin kaf zai ji cewa ita ce ta shiga ramin da ta zaga. Don haka suka tsaya, kowace na jiran ta ga ɗayar ta karya rantsuwa. Har Hawainiya ta samu bakin cewa, ko yanzu in aka lura, ƙofar a karkace take.

Can ciki autan Gafiya ya soma tari. Gafiya ta jira su har gashin fuskarta ya fara babbakewa. Sannan ta juya, ta turo ƙasa, ta rufe.

Da wutar ta wuce ƙasa ta huce, Gafiya ta buɗe. Ta same su a bakin ƙofa, sun zama gawayi, suna fuskantar juna. Taku ɗaya ne tsakaninsu da ramin. Ba ta ma gama salati ba shirwa ta sauko ta yi gaba da su.

Darasin wannan labari shi ne, mai sa ido gani yake kowa ma idonsa na kansa, don haka ko ƙofar tsira aka buɗe masa sai ya tsaya duba wa ke kallo. In kuka ga ɗan'uwanku na haƙa, yara, ku kama masa kwasar ƙasa, ko ku yi shiru.