Kasusuwan Gayya a Ɗakin Ikilisiya

Akwai wani mutum da ikilisiya ta ba shi riƙon ɗakin tarihinta. Ƙa'idar ɗakin ɗaya ce: abin da ya shafi ikilisiya kaɗai ake ajiyewa, wato hotunan baftisma da waƙoƙin zumunta da makamantansu.

Wata rana Mama Damaris, matar wani mai bishara da ya rasu, ta kawo masa buhun kasusuwan rediyo, wato kaset-kaset, na mijinta. Da ya saurara, sai ya ji ba wa'azi ba ne. Kiɗan noman gayya ne na wani ƙauye a bayan dutse, inda marigayin ya taɓa aiki. Ga shi damina ta kama, danshi ya fara cin kasusuwan.

Wani dattijon ikilisiya ya ce, “Ina ruwan biri da gada? A zuba su a wuta!” Shi kuwa mutumin, kiɗan ya riga ya shiga ransa, har zuciyarsa ta ce ya ɓoye su a ƙasan kantar ɗakin, ya riƙa ji shi kaɗai.

Amma ya koma wurin gwauruwar ya ce, “Mama, nan ba gidansu ba ne. Kin yarda in nemo masu su?”

Ta ce, “Ɗana, je ka. Da Baba yana nan, da ya raka ka.”

Sai ya hau keke ya tafi ƙauyen, aka tara mutane a gindin tsamiya, ya kunna. Can wata tsohuwa mai sanda ta yi kuwwa, “Wayyo, muryar babanmu ce!” Ta yar da sandar ta shiga rawa, jikokinta suna ta dariya, mata suna guɗa. Makarantar ƙauyen ta karɓi kasusuwan ta adana. Mutumin ya koma gida hannu wofi, yana waƙa a kan kekensa.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattu, ba duk abin da ya zo hannunka ne naka ba, wani amana ne aka biyo da shi ta wurinka. Kada ka hallaka shi don bai yi maka amfani ba, kada kuma ka ɓoye shi don ya yi maka daɗi. Ka nemi izini, ka nemi mai shi. Wataƙila abin da ya tare maka wuri a ɗaki, muryar uban wani ce.