Kyamarar da Ta Zo da Hoton Uwar Wani

Jama'a, kwanakin nan hankalina ba a kwance yake ba. 'Yata Hajara ta sayo kyamara a hannun wani da ya ce daga Kamaru ya kawo ta. Araha kamar kyauta, ba kwali ba rasit. Tun da na gan ta nake tuna wani labari.

Akwai wani mutum a Nukkai, nan Jalingo, wajen shekarar 1994, sunansa Tobiya. Manomi ne amma ransa na kan ɗaukar hoto. Ya sayar da doyarsa ta shekara, ya sayi kyamara a hannun wani baƙo a tasha.

Da ya kawo ta gida sai ya ga akwai fim a ciki, an ɗauki rabi. Ya ƙarasa shi a kan matarsa Godiya, ya aika Yola aka wanko.

Nasa hotunan duk sun yi duhu. Na farkon kuwa tas, kamar ka yi musu magana.

Godiya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Maigida, ni ce wannan ko buhun gawayi?"

A lokacin kowane mai hoto yana kafa allo a ƙofar shago, ya manna aikinsa don jawo mutane. Tobiya ba shi da na nunawa, sai ya manna wasu daga cikin waɗanda ya tarar a fim ɗin. Ciniki ya buɗe.

Ana nan wani direba mai zuwa Garwa, can Kamaru, ya tsaya gaban allon ya ce, "Kai! Wannan ai ƙofar gidan Hammanjoda mai hoto ce, wanda aka fasa wa shago."

Ba a daɗe ba sai ga wani dogon Bafulatani ya yi sallama. Ya ce shi ne Hammanjoda.

Musa mai gyaran rediyo, maƙwabcin shagon, ya ja Tobiya gefe. "Kar ka yi wauta. Da guminka ka saya, ni shaida ne. Ɓarawon ya gudu. Shi kuma baƙo ne, wace kotu zai kai ka, ta nan ko ta can?"

Tobiya ya auna maganar. In kyamarar ta tafi, doya ta tafi, sana'a ta tafi. Ya dawo ya ce, "Malam, da me zan gane taka ce?"

"Cikin hotunan da ba ka manna ba, akwai wata tsohuwa a kan tabarma, da ƙwarya a cinyarta."

Tobiya ya buɗe akwati. Ga ta nan, har da ƙwaryar. Ya ɗauko kyamarar ya haɗa da hoton, ya miƙa wa Hammanjoda.

"Na saya da gaskiya, amma wanda ya sayar min ba tasa ba ce. Karɓi kayanka."

Hammanjoda bai ko kalli kyamarar ba. Hoton ya riƙe da hannu biyu.

"Dada ce, mahaifiyata. Duk rayuwarta ta ƙi yarda in ɗauke ta, sai ranar nan. Bayan satar ta rasu."

Can ya share ido ya ce, "Sobajo, abokina, kyamara tawa ce. Amma Kirsimeti ta matso. Yi aikinka da ita, bayan sabuwar shekara ka kawo min da ƙafarka."

Musa ya ce, "To, yanzu sai ka manta hanyar Garwa."

Tobiya bai manta ba, ya kai ta. Hammanjoda ya zaunar da shi ya koya masa aikin sosai, ya ba shi tsohuwar kyamararsa, ya ƙara masa kwafin hoton Dada.

Tobiya ya rataye shi a shago. Duk wanda ya tambaya ko 'yar'uwarsa ce, sai ya ce, "Uwar shagon nan ce."

Darasi: Biyan kuɗi ba ya wanke kayan sata. Ko ya tsallake iyaka yana da mai shi, kuma mayar da shi ba ya talauta mutum. Ku tura wa masu son araha.

Ni kuma ku ba ni shawara. Kyamarar Hajara akwai hotunan wasu yara a ciki, ba mu san su ba. In sa ta nemi mai su, ko in yi shiru?