Bindigar Cindo da Kirarin Korau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Baba.

A wani gari wai shi Tudun Tama an yi wani maƙeri, sunansa Cindo. Ba shi da komai a duniya sai matarsa Kuluwa da uwar maƙerar da ya gada tun kaka da kakanni. A zamanin nan bindiga iri ɗaya ce, harba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a tura dalma, a sa sanda a yi ta dandaƙa, kafin a gama mai jin yunwa ya cinye tuwo.

Sai mahara suka addabi garin. Su zo, su kore shanu, su tafi. Sai Sarkin Bindiga Korau, shugaban 'yan bindigar garin, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Sai ya zo maƙera yana huci.

Ya ce, "Kai maƙeri, bindigoginka ne ke ba mu kunya. Kafin damina ta faɗi ka kawo wadda ta fi su. In ka kasa, a ɗauke uwar maƙerar nan a ba wani."

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan kakana ya yi ƙira."

Korau ya ce, "To jikansa ya yi."

Hankalin Cindo ya tashi, tuwo ya daina shiga. Rannan yana zaune a tsakar gida, sai ya ga Kuluwa tana ƙulla daddawa a ganye. Sai ya ce a ransa, me zai hana a ƙulle albarushi da dalma wuri ɗaya, a sa ta baya? Sai kuma ta ɗauki mazari tana kaɗi. Sai ya ga in mazari yana juyawa ba ya karkata. Sai ya yi tsalle har hula ta faɗi.

Kuluwa ta ce, "Maigida, lafiya?"

Ya ce, "Ci gaba da kaɗinki, kin ceci gidan nan."

Wata uku yana fama da zugazugi da masaba. Ya yi wa bindiga ƙofa ta baya. Ya sassaƙa mata murɗaɗɗen layi a ciki don dalma ta fita tana juyawa. Ya rage mata nauyi. Yara, irin wannan bindiga ba a taɓa ganinta ba a lokacin, gabas da yamma.

Sai ranar gwaji ta zo. Aka taru a bakin rafi, aka rataye gora a tsamiya. To, 'yan bindigar Tudun Tama suna da al'ada. Yayin da ake ɗuri, mai bindiga kirari yake yi, makaɗi na amsa masa, sai ya ƙare kirari sannan ya harba. Sai Korau ya miƙa wa Cindo bindiga ya ɗura, ya gyara tsayuwa, ya buɗe murya.

"Ni ne Korau! Korau ɗan..."

Cindo ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

"An gama me?"

"Ɗuri."

Korau ya ce, "Ko sunan ubana ban kai ba! Ina kakana? Ina ranar da na kori mutum tara a Kwarin Giginya? A ina zan sa su?"

Wani daga baya ya ce, "Sarki, mutum biyu ne, ɗaya ma gurgu."

Korau ya yi kamar bai ji ba. Ya ce, "Bindiga mara ladabi, mai katse babba yana magana! A mayar da ɗuri ta baki."

Cindo ya tuna uwar maƙera. Sai ya koma gida, ya liƙe ƙofar baya da hannunsa, zuciyarsa na ƙuna.

Kashegari aka sake taruwa. Aka ɗura ta baki, Korau ya yi kirari har ya gaji ya ƙara. Cindo ya roƙa a kai gora ƙetaren rafi, can inda mutum ke komawa kamar kaza. Aka yi masa dariya, aka kai. Korau ya ja kunama. Tas! Gora ta tarwatse. Cindo ya fara murmushi, ya ce yau kam ya tsira.

Sai Korau ya ce, "Kai maƙeri, wanda ke tsaye a can, yana jin muryata?"

"Ba ya ji, ranka ya daɗe."

"To in na harbe shi, wa zai ce ya harbe shi? Ya je lahira bai san sunana ba? Danginsa su ce ciwon ciki ne?"

'Yan bindiga suka ce, "Gaskiya ne, Sarki! Wannan ai asarar kirari ce."

Korau ya ce, "A rage mata tafiya. Ta tsaya inda murya ke tsayawa."

Sai Cindo ya koma gida, ya sa zarto ya goge murɗaɗɗen layin nan tas.

Kuluwa ta ce, "Maigida, gyara kake yi ko ɓarna?"

Ya ce, "Ni ma ban sani ba, Kuluwa. Kawo ruwa."

A rana ta uku aka rataye sabuwar gora kusa. Korau ya yi kirari, ya harba, gora ta ɗan girgiza. Sai ya shafa fuska, ya dubi tafinsa, fes. Ya taɓa kafaɗa, ba ciwo.

Ya ce, "Ina hayaƙi? Ina baƙin fuska? In na koma gida haka, matata za ta ce gindin tsamiya na je na yi barci. Da me zan karɓi babbar tsoka a miya?"

'Yan bindiga suka ce, "Mu ma haka namu matan suke!"

Wannan karon Cindo bai ko koma gida ba. Nan take ya hura wuta, ya faɗaɗa bakin bindiga, ya zuba albarushi ninki uku. Korau ya yi kirari, ya ja kunama. Dam! Hayaƙi ya rufe rafi, awaki suka tsinke, Korau ya faɗi rigingine, rabin gemunsa ya tafi. Gora kuwa tana nan a rataye, ko ƙwarzane babu.

Korau ya tashi yana tari, fuska baƙi ƙirin. Ya ce, "Yauwa! Wannan ita ce bindiga! A bar masa uwar maƙerarsa, a ƙara masa da riga."

Aka yi ta guɗa. Cindo ya sa riga, hawaye na zuba, mutane suka ce murna ce. Ba murna ba ce, baƙin ciki ne. Da ya isa gida Kuluwa ta ce, "Barka, maigida. Wace iri ka ƙera musu a ƙarshe?"

Ya ce, "Irin ta kakana. Wata uku na yi ina ƙera waccan, a kwana uku na kashe ta da hannuna."

Baba, maharan fa?

Sun dawo mana, da faɗuwar damina. Suka tarar da Korau a ƙofar gari yana kirari. Suka kore shanu, suka haɗa da awaki. Amma a faɗi gaskiya, sun ji sunansa sarai, har da na ubansa. Suna ƙetare rafi yana kan kakansa.

Ni dai na kan zauna in yi tunani. Da kirarin Korau gajere ne, da wataƙila duniya duk Tudun Tama za ta riƙa zuwa koyon ƙira, da wataƙila labarin yaƙe-yaƙe ya sake gaba ɗaya. Amma mutumin yana da kakanni da yawa.

Ƙurunƙus, kan kusu ya shige rami. In an kawo muku sabon abu, ku duba aikin da yake yi kafin ku duba ko ya bar muku wurin yabon kanku. Ku tashi, a je a kwanta.