Direban da Ya Rufe Jar Fitila da Filasta

An yi wani mutum direba, ya 'yan uwa, shi ne autan ɗakinsu, kuma kowa Auta yake ce masa har ya yi furfura a gemu. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta raine shi. Ita ta goya shi, ita ta sa shi makaranta, ita ta kai shi koyon tuƙi da karatun ya gagara.

Yayar nan ma'aikaciyar jinya ce. Da ta ajiye aiki, sai ciwon ƙoda ya kama mijinta, ya zama dole a riƙa kai shi asibiti wankin ƙoda a kai a kai. Wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo ya san ba a ɗaga ranar wanki, kuma ya san yadda mutum yake fitowa daga ɗakin nan, jiki ba ƙwari, ko tsayuwa sai an riƙe shi. Sai ta tattara abin da aka sallame ta da shi, ta je kamfani ta sayi mota sabuwa dal. Mutane suka ce ta sayi ta hannu mana, ta fi sauƙi. Ta ce a'a, ba ta son motar da za ta mutu mata a hanya da marar lafiya a ciki, tana son mai garanti.

Ranar karɓar mota, Auta yana tsaye a gefenta injiniyan kamfanin ya yi musu bayani. Ya ce duk abin da ya lalace wanda laifin ƙira ne, su za su gyara kyauta. Ya ce in kuna so ku sa rigar kujera, ku canza rediyo, wannan ba ruwanmu. Amma inji da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi, kada a bar kowa ya sa musu hannu, domin duk ɓarnar da ta biyo ta nan, ta mai mota ce. Ya ƙara da cewa in wata fitila ta kama a gaban direba, a kawo motar. Auta ya ce ya ji.

Ta miƙa masa makulli. Sharaɗinta ɗaya ne: ranar asibiti motar ta maigidanta ce, sauran ranaku ya yi haya da ita ya ci abinci da iyalinsa.

To, akwai wata inuwa kusa da gidan mai inda direbobin haya suke zama jiran fasinja. Kun san irin zaman nan. Ba a hirar komai sai wa ya wuce wa a hanya. Motar yayar Auta kuwa mota ce ta iyali, lafiyayya, mai tafiya a natse. A hanyar filin jirgi akwai wani dogon hawa, kuma a nan abokansa suke wuce shi suna danna masa ham. In an dawo inuwa sai a fara. Wannan ya ce, "Auta, motar taka azumi take yi ne?" Wancan ya ce, "Ku ƙyale shi, keken ɗinkin yayarsa aka ba shi aro." A yi ta dariya har da tafawa.

Ya 'yan uwa, me aka rage masa? Fasinja ya taɓa sauka don motar ba ta gudu? Abincin gidansa ya ragu? Ko ɗaya. Dariya ce kawai ta mutanen da ko taya ɗaya ba su saya masa ba. Amma maganar ta tsaya masa a rai, ya kwana da ita ya tashi da ita.

Sai aka nuna masa wani gareji a bayan layin masu walda. Mai garejin ba ya kwanciya ƙarƙashin mota kamar sauran makanikai, da kwamfuta yake aiki, shi ya sa ake ce masa Mai Na'ura. Ya ce wa Auta kamfani ne ke ɗaure injin da gangan, shi kuma kwance shi yake yi. Auta ya tambaye shi batun garanti, domin bai manta ba. Mai Na'ura ya ce, "Haba, wa zai gaya musu? Ranar da za ka kai ta, ka biyo in mayar maka da komai yadda yake."

Ya jona waya, ya sauya abin da ke cikin ƙwaƙwalwar motar. Ya cire salansar kamfani ya ɗaura wata mai faɗin baki. Auta ya ɗauki tsohuwar ya kai gida ya tura ƙarƙashin gado.

Ba zan ɓoye muku ba, motar ta tashi. Ya taka totur a hawan nan ya bar su duka a baya. A inuwa aka daina zancen keken ɗinki, aka koma miƙa masa hannu. Wanda ya ce muku saɓo ba shi da daɗi a farko, bai gaya muku gaskiya ba. Da ba shi da daɗi, wa zai je?

Yayar ta ji ƙarar motar ta canza, ta tambaye shi. Ya ce ai haka sabuwar mota take, in inji ya zauna sai murya ta buɗe. Ta ce to, kai ka san aikinka. Ita a kujerar baya take zama kullum, kan mijinta a kafaɗarta, hankalinta yana kan numfashinsa. Ba ta leƙa gaban direba.

Ana nan, wata rana da rana tsaka, jar fitilar zafin inji ta kama. Ya tsaya ya buɗe bonet, ya ga ruwan lagireto ya ragu. Ya ƙara ruwa, fitila ta mutu. Bayan kwana biyu ta sake kamawa.

A nan nake so ku buɗe kunne. Mutumin da bai taɓa komai ba, me zai yi? Zai juya kan mota ya nufi kamfani, ya zauna a kujera mai laushi, a duba masa kyauta. Auta ma ya san hanyar. Amma in ya je za a jona na'ura, in an jona za a gani, in an gani za a kira mai motar, domin lambarta ce a wurinsu. Ya je wurin Mai Na'ura don a mayar masa da komai yadda yake kafin ya kai ta kamfani, ya tarar da layi, aka ce ya dawo wani satin. Da ya yi tunanin komawa inuwa da motar da aka sake ɗaurewa, sai ya ji ba ya ma son satin ya zo.

Sai ya sayi jarka ya cika da ruwa ya ajiye a but. Kullum da safe ya ɗura. Lokacin sabis ya yi, kamfani suka kira yayar, ta gaya masa, ya ce ya riga ya kai. Bai kai ba, a bakin titi aka yi masa juyen baƙin mai.

Fitilar kuwa ta ƙi barinsa. Fasinja suka fara tambaya, direba, mene ne wancan jan abin? A aljihun motar akwai wani ƙaramin akwati da yayar take ajiye auduga da filasta, saboda hannun mijinta yakan yi jini a wurin allura bayan wanki. Auta ya buɗe akwatin, ya yanki filasta, ya manna a kan gilashin daidai inda fitilar take. Shi ke nan, ya daina ganinta.

Ku gaya mini, don Allah, filasta tana sanyaya inji?

Ranar da abin zai faru ranar asibiti ce. Sun makara, ya manta bai ɗura ruwa ba, kuma ya taka motar yadda ya saba. Suna tsakiyar gada sai wani wari ya shigo, sai hayaƙi fari ya turnuƙe daga bonet, sai inji ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a tukunya, ya tsaya cak. Yayar ta fito da mijinta cikin rana, ta zaunar da shi a gefen titi, ta yi ta ɗaga wa motoci hannu. Kafin su isa asibiti an ba wani gadonsa. Sai washegari aka samu aka yi masa, bayan ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya.

Duk da haka ba ta ga laifin ƙanenta ba. Ta ce Allah ya sa muna da garanti.

Wannan ita ce dama ta ƙarshe da Allah ya ba shi ya buɗe baki. Bai buɗe ba. Ya cire filastar, ya sa janwe ya ja motar zuwa wurin Mai Na'ura tukuna. Aka mayar da tsohuwar salansa, aka mayar da ƙwaƙwalwa yadda take, sannan aka kai kamfani.

Da aka kira su, tare suka je. Injiniyan nan ya zaunar da su a ofishinsa, ya tambayi Auta a hankali ko wani ya taɓa motar. Auta ya ce babu. Injiniyan ya sake tambaya. Auta ya ɗaga yatsa sama ya ce wallahi tallahi yadda kuka ba mu ita haka take.

Yayar ta hasala. Ta ce, "Malam, yaron nan ni na raine shi, ba ya yi mini ƙarya. In ba ku son cika alkawarinku ku faɗa, amma kada ku ɗora masa."

Injiniyan bai yi musu da ita ba. Ya juyo mata da fuskar kwamfuta. Ya ce ƙwaƙwalwar mota tana riƙe duk lokacin da aka shiga cikinta, ko da an mayar da abin da aka cire. Ya nuna mata an shiga an sauya, an sake shiga bayan motar ta mutu. Ya nuna mata jar fitila ta yi makonni tana kamawa ana tafiya. Ta ce ba zai yiwu ba, da Auta ya gani. Sai ya ce ta zo. Ya kai ta wurin motar, ya buɗe ƙofar direba. A kan gilashin akwai wani ɗan shaci mai kusurwa huɗu, ƙura ta manne a kai. Ta sa yatsa ta taɓa, ta ji danƙo. Matar da ta yi rayuwarta tana manna wa mutane filasta ba ta bukatar a yi mata bayani.

Sannan injiniyan ya faɗi maganar da ta fi komai ciwo. Ya ce asalin matsalar famfon ruwa ne, kuma laifinsu ne, an samu irinsa a wasu motocin, suna canza wa mutane kyauta. Ya ce abin da aka yi wa ƙwaƙwalwa ba shi ya lalata famfon ba. Da an kawo ta ranar da fitila ta fara kamawa, da sun yi faɗa, da sun rubuta abin da suka gani, amma da sun canza famfon an tafi gida. Yanzu kuwa inji ya ƙone a hannun wanda ya ƙara masa wuta, ya rufe gargaɗi, ya tuƙa shi ba ruwa. Wannan kamfani ba zai ɗauka ba.

Sabon inji ya fi ƙarfinta. Motar tana nan a ƙofar gidanta an lulluɓe ta da tampol, tayoyi sun sace. Auta ya koma inuwa neman wanda zai ba shi tuƙi, amma labari ya riga shi isa. Waɗanda suka yi masa tafi su ne suka ce wa masu motoci kada a ba shi. Mai Na'ura ya ce shi bai taɓa ganinsa ba.

Ya 'yan uwa, laifin farko bai kashe motar nan ba. Abin da ya kashe ta shi ne laifin ya sa shi tsoron wurin gyara. Haka zunubi yake yi wa bawa. Ka ci amana kaɗan, sai ka fara kauce wa mai amanar. Ka yi ƙarya ɗaya, sai ka ƙi zama inda za a tambaye ka. Zuciyarka tana gaya maka ka tsaya, ka koma, ka faɗi gaskiya tun abin yana ƙarami, kai kuma kana neman abin da za ka rufe ta da shi. Mu nawa ne a nan muke riƙe da kayan wani, motar wani, shagon wani, 'ya'yan wani, muna yi da su abin da ba za mu so mai su ya gani ba? Ƙofar tuba a buɗe take, kuma kunyar yau ta fi ta gobe sauƙi. Amma inji ba ya jira, kuma rai ma ba ya jira.

Yayar ba ta zage shi ba, ba ta kai shi ƙara ba. Da ya je ya durƙusa, ta ce ta yafe masa motar. Ta ce rantsuwar kuwa ba da sunanta ya yi ba, ya je ya nemi Mai sunan.

Yanzu duk ranar wanki za ka gan ta a tashar bas, ta rataya jaka, ta sa kafaɗa ƙarƙashin hammatar mijinta, suna jiran motar da ke da wurin zama. Wata rana Auta ya zo zai kama masa ɗaya hannun. Ta ce, "Bar shi, Auta. Zan iya."

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da aka damƙa mana, in mun karkace ya ba mu ƙarfin halin komawa tun da sauran gyara. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka yarda da mu daga sharrinmu. Amin.