Tsohuwar da Ta Ƙi Yarda a Sa Mata Oksijin

Akwai wata dattijuwa da numfashi ya sarƙe mata wata rana da hantsi. Ɗanta, wani tela, ya bar ɗinki a kan keke ya garzaya da ita ɗakin gaggawa na asibiti.

Wurin cike yake maƙil, wannan na nishi, wancan na kiran likita. Aka kwantar da ita, aka kawo robar oksijin za a ɗora mata a fuska, sai ta fizge. Aka sake, ta sake fizgewa. Numfashin kuwa sai ƙara yin sama yake.

"Inna, don Allah ki bari!" in ji tela. Ya juya wajen nas ɗin da ke kanta. "Sista, ku danne ta kawai, ni zan riƙe hannayen."

Nas ta girgiza kai. Ta durƙusa dab da kunnen tsohuwar.

"Inna, ba mai yi miki dole. Gaya min, me kike tsoro?"

Da ƙyar tsohuwa ta nuna robar. "Da ita... a fuska... maigidana ya cika."

Ko kusa tela bai kawo wannan a ransa ba.

"Allah ya jiƙansa," in ji nas. "Ba ita ta ɗauke shi ba, Inna, iska ce kawai a ciki. Ungo, riƙe da hannunki. In kin ji ba daɗi ki cire. Ina nan tare da ke."

Tsohuwa ta karɓa, ta kai robar hancinta da kanta. Daga nan ko allura za a yi, sai nas ta faɗa mata ta mece ce.

Zuwa la'asar baki ya buɗe. Ta harari ɗanta. "Kai ne mai cewa a danne ni ko? Za mu koma gida ai." Har na gadon kusa sai da ya dara.

Ranar sallama ta ce ba inda za ta sai an kira mata nas ɗin. Ta kama hannayenta biyu ta dinga sa mata albarka, ita da iyayen da suka haife ta, har nas ta sunkuyar da kai tana share ido.

Darasi: Mara lafiya ba jiki kaɗai ya kawo asibiti ba, har da tsoronsa. A tambaye shi, a saurare shi, a yi masa bayani. In kun san wata nas mai irin wannan hali, ku tura mata labarin nan, ku ce mun gode.