Lif ɗin Hagu

Akwai wani ɗalibi a Doha mai suna Sharafaddeen, yana digiri na biyu a kan rikicin makaman nukiliya. Ilimi kam akwai shi, amma girman kai ya fi ilimin yawa.

Ana saura 'yan watanni gasar kofin duniya, ya samu aikin rakiyar baƙi a wani otal a unguwar West Bay. Wakilan ƙasashe biyu ne suka zo sasantawa a kan makaman ɗayarsu. Tsabar gaba, ba sa zama ɗaki ɗaya, sai mai shiga tsakani ya riƙa kai saƙo yana kawowa. Doka ɗaya aka ba Sharafaddeen: kada su haɗu, ko a hanya. Tawagar da zai raka lif ɗin hagu, ɗayar na dama. In ya yi kyau, aikin dindindin na jiransa.

Ranar zaman ya kasa zaune ya kasa tsaye, sai duba agogo yake yana gyara takunkumin fuskarsa.

Baba Gafaru, dattijon mai gadi ɗan Kumasi, ya tare shi. "Ɗana, ji mana. Sha ɗaya in ta yi..."

"Baba, don Allah riƙe ƙofarka. Wannan harkar manya ce."

Tsohon ya koma bakin ƙofarsa.

Sha ɗaya daidai Sharafaddeen ya fito da tawagarsa, ya tarar da lif ɗin hagu a rufe, ana feshin maganin korona kamar kullum. Shugaban tawagar ya dubi agogo. Maimakon ya tambaya, sai gogan naku Sharafaddeen ya danna na dama.

Ƙofa ta buɗe. Ga ɗaya tawagar a ciki, ido cikin ido.

Kowane ɓangare ya ɗauka tarko aka ɗana masa. Kafin azahar an dakatar da zaman, an karɓe katin aikin da ke wuyan Sharafaddeen.

Baba Gafaru aka sa ya raka shi waje. Ya miƙa masa ruwan sanyi.

"Baba, me ka so gaya min?" Sharafaddeen ya tambaya.

"Feshin minti biyar ne, ɗana. Ka zaunar da su su sha gahawa, khalas, shi ke nan."

Darasi: Kada matsayin mutum ya hana ka sauraronsa, domin abin da zai cece ka yana iya kasancewa a bakin wanda ka raina. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.